Tabilet ɗin da za a kafe wa jama'a: daga ina kullewa ke farawa?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambaya ga masana na'ura na wannan zaure. A ce akwai tabilet goma sha biyu da za a kafe a ɗakin jira. Mutum ya zo ya cike fom a shafin intanet guda ɗaya, ya tashi, wani ya zauna. Babu ma'aikacin da zai tsaya a kansu, kuma dare da rana suna jone da wuta. Abin da ake so uku ne: kada kowa ya fita daga shafin, kada a shiga saiti, kada na baya ya ga abin da na gabansa ya rubuta. Shin maƙale manhaja a allo, wanda Android ke zuwa da shi, ya wadatar? Don Allah a warware mana dalla-dalla.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam Malam. Bai wadatar ba, kuma gara a faɗa tun yanzu kafin a huda bango. Wannan maƙalewar tun Android 5.0 ta 2014 take, kuma an yi ta ne domin mai waya ya ara wa wani na ɗan lokaci yana tsaye a gefensa. Hanyar fita sananniya ce: a danne maɓallin komawa baya tare da na jerin manhajoji, ko a ja yatsa daga ƙasa a riƙe. Ko an sa ta nemi lambar sirri kafin a fita, abin da za a samu shi ne tabilet a kulle a kan allon lambar sirri, ba mai iya cike fom sai ma'aikaci ya zo. In kuma an kashe an kunna, maƙalewar ta tafi gaba ɗaya.

Kulle na gaskiya yana farawa ne tun ranar da aka kunna na'urar sabuwa fil. Dole wata manhajar gudanarwa ta samu matsayin da Google ke kira Device Owner, wato ita ce mai na'urar, ba mutum ba. Ba a ba da wannan matsayi ga tabilet ɗin da aka riga aka sa mata akawun. Sai an wanke ta ta koma yadda ta fito daga kamfani. A allon maraba na farko, taɓa wuri ɗaya sau shida a jere, kyamara za ta buɗe ta nemi lambar QR. Wannan yana aiki daga Android 7.0 zuwa sama. A cikin lambar akwai adireshin da za a sauko da manhajar gudanarwa, da sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa in an so. Daga nan ita ce ke riƙe da akalar komai.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya Abu Hanif, ni ina ganin goma sha biyu ba su kai a ɗauko manhajar gudanarwa ta kuɗi ba. Da kebul da kwamfuta ma an gama. A kunna saitin masu ƙirƙira, a jona, a buga `adb shell dpm set-device-owner` sai sunan manhajar kiyos ɗin, wato manhajar da ke tsare allo a kan shafi guda. Fully Kiosk Browser tana karɓar wannan matsayi, kuma tana kulle shafi guda yadda ake so. Minti goma kowace tabilet.

Abu Hanif:
Gaskiyarka, umarnin yana aiki, da sharaɗin babu akawun ko ɗaya a na'urar. In akwai na Google ko na kamfanin da ya ƙera ta, zai ƙi. Amma ka duba gaba. Ranar da za a canza adireshin shafin, ko kalmar sirrin Wi-Fi, ko a gano wata ƙofa da aka manta ba a rufe ba, tabilet ɗin suna cikin akwatunan ƙarfe da aka ɗaure da sukuru. Kowace sai an kwance ta. Kafawa ba ita ce wahalar ba, kula da su shekara biyu ko uku ita ce. Saboda haka ko ta kebul aka bi, a tabbata akwai hanyar sarrafa su daga nesa. Ita Fully tana da nata. Wanda ba ya son biyan kuɗin wata-wata, akwai Headwind MDM da ake iya ɗorawa a kan saba ta kansa, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar gudanarwar. Wanda ma'aikatarsa ke da Intune ta Microsoft, ya riga ya samu.

Kuma Auta, in ka bi ta kebul, kada ka manta ka kashe saitin masu ƙirƙira bayan ka gama. Ta ƙofar da ka shigo, ta nan wani zai shigo.

Maman Ilham:
Bari in ɗora a kan maganar Malam Abu Hanif, domin samun matsayin mai na'ura bai kulle komai ba tukuna, dama ce kawai aka samu. Sai an bi an rufe ɗaya bayan ɗaya: hana tashi a yanayin da ake kira Safe Mode, domin a can manhajojin da aka saka ba sa aiki, har da ta kiyos ɗin. Hana ƙara sabon mai amfani. Hana wanke na'ura daga saiti. Hana tura fayil ta kebul da karanta katin ajiya ko filas. Sai a sa manhajar kiyos ta zama ita ce allon gida, ta yadda ko ta faɗi, kanta za ta dawo.

Inda aka fi shan mamaki shi ne ƙofofin da ke cikin shafin kansa. Shafin fom yana da tambarin Facebook ko YouTube a can ƙasa, an taɓa, an fita duniya. Akwai mahaɗin "aiko mana da saƙo" da ke buɗe manhajar imel. Akwai wurin ɗora hoto da ke buɗe ma'ajiyar fayil. Akwai allon buga takarda. Akwai ɗan alamar saiti a saman allon rubutu na Gboard. Dogon dannawa a kan kalma ma yana fito da "raba" da "bincika". Dalilin da ya sa waɗannan ke ɓullewa ko an kulle shi ne, Android tana barin manhajar da aka kulle ta kira wani allo ya hau kanta muddin cikin aiki ɗaya suke. Sai a Android 11 aka ƙara zaɓin hana wannan, kuma ba a kunne yake zuwa ba, sai an kunna.

A burauzar kuwa, jerin adireshin da aka yarda da su ake rubutawa, duk sauran a rufe. Wanda ya ce zai rubuta jerin waɗanda aka hana, ba zai taɓa gamawa ba.

Baban Sadik:
Hajiya, to batun bayanan wanda ya tashi fa? Wannan ya fi damuna a kan komai.

Maman Ilham:
Ya kamata ya dame ka Malam, domin mutane ba sa danna "na gama". An kira sunansa, ya miƙe, ya bar rabin fom da sunansa da lambar wayarsa da ranar haihuwarsa a buɗe. Saboda haka a sa agogon shiru: in daƙiƙa 60 zuwa 90 suka wuce ba a taɓa allo ba, gargaɗi ya fito da manyan haruffa, "Kana nan?", yana ƙirga daƙiƙa 15 ko 20. In ba a amsa ba, a koma farko. Kada a gajarta shi ƙwarai. Dattijon da ke laluben katinsa a aljihu zai iya cin minti ɗaya, kuma in fom ya goge a gabansa ba zai sake gwadawa ba.

Komawa farko kuma ba sake loda shafi kawai ba ne. A goge kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke bari a burauza domin ya tuna mutum, a goge ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, a goge abin da shafin ya ajiye a cikin na'ura, a goge tarihi domin maɓallin baya kada ya dawo da fom ɗin wani. Sannan akwai biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, cika fom kai tsaye: a kashe shi a burauza da kuma a saitin Android, wurare biyu ne daban. Na biyu, allon rubutu yana koyon kalmomi. Mutum ya rubuta harafi biyu, sai sunan wanda ya zauna da safe ya fito a matsayin shawara. A kashe koyon kalmomi da ajiyar abin da aka kwafa.

In aikin ya haɗa da biyan kuɗi, kada a bari a buga lambar kati a kan tabilet. Na'urar karanta kati daban ake haɗawa.

Ummu Hanan:
In ba a riga an saya ba, bari in kawo ɓangaren iPad. Can ma hawa biyu ne. Guided Access, wanda ake kunnawa da danna maɓalli sau uku, ɗan uwan maƙalewar Android ne duk da ya fi ta ƙarfi: da hannu ake kunna shi a kowace na'ura, kuma ba a ganin halin da yake ciki daga nesa. Na aikin jama'a shi ne Single App Mode, kuma ba ya yiwuwa sai iPad ɗin tana ƙarƙashin kulawar ma'aikata, ta Apple Configurator a kan Mac ko ta Apple Business Manager. Shi ma sai an wanke na'urar. Da zarar ya hau, ko an kashe an kunna, manhajar ce za ta buɗe. A ciki ana iya kashe maɓallan sauti, da juyawar allo, da maɓallin kwantar da allo.

Tarko uku ne a nan. Kada a sa wa iPad ɗin lambar sirri: in ta mutu ta tashi, za ta tsaya a allon kulle, ba za ta hau Wi-Fi ba, ba za ta ji umarni ba, sai mutum ya zo ya buga lambar. Sannan a gwada ko manhajar da aka kulle tana karɓar sabuntawa tana kulle; in ba ta karɓa, sai an sassauta kullen da dare, a sabunta, a mayar. Na uku ya fi ciwo: takardar shaidar da Apple ke ba manhajar gudanarwa domin ta riƙa yi wa na'urori magana, shekara ɗaya take yi. Da akawun ɗin da aka ƙirƙire ta da shi ake sabunta ta. In ma'aikacin da ya yi ta da akawun kansa ya bar aiki, aka yi sabuwa da wani akawun, duk na'urorin sai an sake yi musu rajista daga farko. A yi ta da akawun ma'aikata, a rubuta ranar ƙarewarta inda kowa zai gani.

Ɗan Autan Zaure:
Anti, in iPad tana cikin wannan kulle kuma aka canza kalmar sirrin Wi-Fi fa? Ai saitin ba ya buɗuwa.

Ummu Hanan:
Ka taɓo inda yake ciwo. Umarnin buɗe ta ta intanet zai zo, intanet kuma babu. Mafita biyu: a jona mata adaftar kebul ɗin netiwok ta samu hanya, ko a haɗa ta da Mac ɗin da ke ɗauke da shaidar kulawarta. Amma rigakafi ya fi: a tura sabon saitin Wi-Fi tun tsohon yana aiki, a tabbatar duka goma sha biyun sun karɓa, sannan a kashe tsohon. Haka ma a Android.

Kawu Mai Wayarin:
Yarana, kun yi ta maganar manhaja, amma abin da ke kashe irin waɗannan na'urori wuta ce da zafi. Batirin litiyom ba ya son zama a cike taf kullum, kuma ba ya son zafi. Tabilet a akwati rufe, allo a kunne awa ashirin da huɗu, caja a jone: an haɗa mata biyun. Iskar gas ke taruwa a cikin batirin, ya kumbura, ya turo gilashi daga ciki. Alamar farko, wani farin tabo ko haske marar daidai a tsakiyar allo, ko gefen gilashi ya ɗago kamar an sa farce. In an ga haka, a cire wuta nan take, kada a danna, kada a huda.

Saboda haka kafin a saya, a tambaya: tana iya tsayar da caji kafin ya cika? Na Samsung suna da kariyar batir da ke tsayawa a kashi 80 ko 85, gwargwadon sigar One UI, wato tsarin Android na Samsung. Wasu iPad, irin Pro mai M4 da Air mai M2, suna da iyakar kashi 80. Galaxy Tab Active3 da waɗanda suka biyo ta ana ma iya zare batirin gaba ɗaya su yi aiki da wutar caja kaɗai, wanda shi ne mafi dacewa da bango. Apple ta ce iPad daga ma'aunin zafi 0 zuwa 35 take aiki, kuma zafin cikin akwati ya fi na ɗaki. A bar ramukan iska sama da ƙasa, kada a kafa inda rana ke shigowa ta taga ta zauna a kan allo.

Sai kebul. Caja tana fitar da bolt 5. Siririyar waya mai lamba 28 (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri) tana da turjiya kusan om 0.21 a kowace mita. Kebul mai mita uku, zuwa da dawowa mita shida ke nan, kusan om 1.3. In amfiya ɗaya ta bi ta ciki, bolt 1.3 ya salwanta a hanya. Tabilet ta ga wuta ta yi ƙasa, sai ta rage abin da take ja. Alamar caji tana nan a allo, amma batir na sauka a hankali har ta mutu bayan kwana biyu, a ce manhaja ce ta lalace. A kusantar da cajar, ko a nemi kebul mai kaurin waya lamba 20 zuwa 24. Caja marar kyau kuma tana sa allo ya riƙa taɓa kansa ba wanda ya taɓa shi. In an ga haka, a fara canza caja kafin a zargi gilashi.

Ɗan Autan Zaure:
Kawu, ga waɗanda ba su da iyakar caji, ana iya sa soket mai Wi-Fi. Fully tana faɗin yawan batir, sai a tsara soket ya kunna a kashi 40, ya kashe a 80.

Kawu Mai Wayarin:
Yana yi, kuma ya fi barin ta a cike. Sai dai ka ƙara abu ɗaya da zai iya lalacewa a kowane kiyos. In netiwok ya yanke soket yana kashe, tabilet za ta zuƙe batirinta ta mutu. Kuma yawancin tabilet na Android ba sa tashi da kansu in wuta ta dawo, hoton batir kawai suke nunawa, maɓallin kunnawa kuwa yana cikin akwati. Samsung tana da saitin tashi da zarar an jona wuta ta hanyar Knox, tsarinta na gudanar da na'urori. Ga sauran, a bar ƙaramin rami daidai kan maɓallin wanda sai da siririn ƙarfe ake kaiwa. In za a sa soket ɗin, a tsara shi ya koma kunne duk lokacin da ya rasa umarni.

Ni dai shawarata, in ana iya jan kebul ɗin netiwok, a ja. Wuta da intanet su biyo waya ɗaya har mita 100. A mizanan tura wuta ta kebul ɗin netiwok, na 802.3af wat 12.95 ke isa ga na'ura, wanda ya yi kaɗan ga babbar tabilet mai cikakken haske. Na 802.3at yana kai wat 25.5, shi za a nema, da adafta mai fitar da USB-C a bayan akwati. Kuma dukkansu daga suwic ɗaya suke sha, to batirin ajiya ɗaya ya riƙe su duka.

Abu Hanif:
Na goyi bayan Kawu, domin akwatin ƙarfe yana danne Wi-Fi sosai. In dole sai Wi-Fi, a gwada ƙarfinsa tabilet tana cikin akwati a rufe, a daidai inda za a kafe ta. Kada a ɗora su a kan netiwok na baƙi mai shafin "danna nan ka yarda", domin wannan shafin ba ya cikin jerin da aka yarda da shi, sai allo ya yi fari. A ware musu nasu netiwok, wanda ba ya ganin kwamfutocin ofis. In ana tantance na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura a netiwok, a tuna tun Android 10 da iOS 14 na'ura tana ƙirƙirar lambar bogi ga kowane Wi-Fi, sai an kashe wannan.

Mai kula da katangar tsaron netiwok kuma ya bar waɗannan ƙofofin sadarwa a buɗe: 443, da 5223 domin saƙonnin Apple, da 5228 zuwa 5230 domin na Google, da 123 domin agogo. Wannan ta ƙarshen ƙarama ce amma tana rikita mutane: in agogon tabilet ya kauce da yawa, burauza za ta ce takardar shaidar shafin ba ta da inganci, ta ƙi buɗewa.

Abu ɗaya da manhaja ba ta iya hanawa a na'urori da yawa: danne maɓallin kunnawa da na ƙarin sauti a shiga allon ceto a wanke na'ura. Hanin da Hajiya ta ambata na cikin saiti ne. Maganinsa akwati ya rufe maɓallan duka. In kuma an saya ta hannun dila mai izinin rajistar zero-touch ta Google ko Knox Mobile Enrollment, ko an wanke ta, da ta hau intanet za ta koma hannun manhajar gudanarwa.

Baban Sadik:
Allah ya saka da alheri. Saura akwatin da tsayin da za a kafe shi.

Kawu Mai Wayarin:
A sayi akwatin da aka ƙera wa wannan samfurin daidai, ba na "kowace tabilet" ba. Bakinsa kada ya danne gefen gilashi, yana jawo taɓawar ƙarya. Kada ya rufe idon da ke auna haske, in ya rufe tabilet za ta ɗauka dare ne ta dushe allo. Gara ma a kashe hasken kai tsaye a tsayar da shi wuri ɗaya. Bayan akwati yawanci ramukan sukuru ne na mizanin VESA, masu tazarar milimita 75 ko 100, sukuru M4. Na waje a sa mai kan tauraro da ƙusa a tsakiya, wanda sukudireban gida ba ya kamawa. Kebul ya bi ta cikin ƙafa ko bango, a ɗaure shi a ciki domin ko an ja kada nauyin ya faɗa kan bakin caji. A zaɓi allon LCD. OLED in hoto ɗaya ya daɗe a kansa inuwarsa tana zama.

Maman Ilham:
Batun tsayi, ma'aunin da Amurka ke bi a dokarta ta masu buƙata ta musamman abin koyi ne: duk abin da za a taɓa ya kasance tsakanin inci 15 da 48 daga ƙasa, wato santimita 38 zuwa 122. Mai keken guragu ya kai, kuma a karkatar da allon yadda fitilar sama ba za ta haska masa ido ba. Wajen gogewa, tsumma mai laushi da aka jiƙa da sinadarin isopropyl mai kashi 70 ya isa. Kada a fesa kai tsaye, yana gangarawa ya taru a ƙasan akwati.

Sabuntawar Android a sa mata lokaci, misali ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, kada ta faɗo mutum yana tsakiyar fom. Ana iya jinkirta ta kwana 30, ko a daskarar da ita har kwana 90 a lokacin cunkoso. A sa tabilet ta kashe ta kunna kanta sau ɗaya a dare, domin burauzar da ta kwana tana aiki tana cinye ƙwaƙwalwa har ta fara nauyi.

Ummu Hanan:
Malam, kafin a huda bango sau goma sha biyu, a haɗa guda ɗaya cikakkiya, da akwatinta da kebul ɗinta, a bar ta kwana bakwai. A zare wuta a mayar. A kashe intanet minti goma a ga me allo ke nunawa, da ko tana dawowa da kanta. A bar fom rabi a tashi, a dawo a danna baya. A miƙa ta ga yaro ɗan shekara goma sha biyu a ce ya nemo YouTube. Kuma a sayi goma sha uku: ta ƙarshen a yi mata rajista, a saita ta, a ajiye a kashe da caji wajen rabi, domin ranar da ɗaya ta kumbura a sauya cikin minti biyar.

Baban Sadik:
Ita ta ajiyar, ba za ta faɗi daga rajista ba in ta daɗe a kashe?

Abu Hanif:
Tana iya faɗuwa, domin wasu manhajojin gudanarwa suna share na'urar da ta daɗe ba ta yi magana ba, in an kunna wannan dokar. A duba adadin kwanakin da aka sa, sannan a riƙa kunna ta sau ɗaya a wata ta karɓi sabuntawa da sabon saitin Wi-Fi, a duba cajinta, a mayar da ita.